Tarihin Ɗan Hausa, Mai Makarantar Nassarawa

A cikin Turawan da suka zauna a ƙasar Hausa, kaɗan ne sunansu ya zauna a bakin mutane kamar na Ɗan Hausa. Sunansa na yanka Hanns Vischer, amma ba kowa ya san shi da wannan ba, sai wanda Kanawa suka laƙaba masa saboda iya Hausarsa. Mu da mu ke koyon aikin malanta ya kamata mu san tarihinsa, domin daga makarantarsa ta Nassarawa a Kano ilmin boko na Gwamnati ya yi reshe ya bazu cikin lardunan Arewa. Abin mamaki cikin labarinsa shi ne, gidansu da malamansa sun yi masa shiri ne don ya zo wa'azin addinin Kirista, amma da ya zo sai shirin nan ya yi amfani ga wani aiki dabam.

An haife shi ran 14 ga watan Satumba, 1876, a birnin Basel, cikin ƙasar Suwizalan, a bakin kogin Rhine, daidai inda iyakar Jamus da ta Faransa suka haɗu da ta ƙasarsu. Ubansa, Adolf Vischer, attajiri ne mai cinikin siliki, uwarsa kuwa Rosalie 'yar gidan Sarasin ce, su ma manyan masu sana'ar siliki ne a birnin. Gida ne na wadata, kuma gida ne na masu riƙon addininsu da gaske. Birnin kansa ya shahara wajen aikin Mishan, gama tun shekarar 1815 aka kafa wata jam'iyya a can mai koyar da samari tana aika su ƙasashen nesa. Cikin 1828 mutanenta suka sauka a Gwalkwas, ƙasar da a ke kira Gana yanzu, cikin 1834 kuma suka isa Indiya. Da yawa cikin na farkon zazzaɓi ya kashe su, duk da haka waɗansu ba su fasa bin sawunsu ba. Yaron da ya tashi a irin wannan birni, a irin wannan gida, tun yana ƙarami ya ke jin labarin masu sallama da iyayensu su tafi ƙetaren teku, ba su san ko za su komo ba.

Abin da ya ke nuna irin tarbiyyar gidan shi ne inda 'ya'yan suka nufa da suka girma. Ƙanensa Andreas ya koyi aikin likita, ya tafi birnin Urfa cikin ƙasar Turkawa a 1905, ya riƙe asibitin Mishan a can, yana jiyyar Armeniyawa da sauran mutanen ƙasar. Wani ƙanen kuma, Adolf Lukas, shi ma likita, ya zazzaga wuraren da a ke tsare da fursunonin yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya rubuta littafi a kan ciwon zuciyar da daɗewa a tsare ke jawo wa mutum. Da ganin wannan mun san iyayen ba su tara dukiya don 'ya'yansu su kwanta a kanta ba. Sun ba su ilmi mai zurfi, sa'an nan suka sake su, ko da ya ke sun san sakin nan yana iya zama rabuwa ta har abada.

Hanns ya yi karatu a ƙasarsu da Jamus, ya tashi da Jamusanci da Faransanci, daga nan ya haye Ingila ya shiga jami'ar Kambirij, a kwalejin Emmanuel. Bayan ya gama ya shiga Ridley Hall, watau makarantar da a ke horon masu aikin addini na Cocin Ingila a wannan birni. A zamanin nan kuwa maganar ƙasar Hausa ta cika kunnuwan 'yan Mishan na Ingila. Wani mai wa'azi, John Alfred Robinson, ya mutu a Lakwaja cikin 1891 yana cikin nazarin Hausa, aka kafa jam'iyya don tunawa da shi, aikinta ciyar da sanin harshen gaba. Jam'iyyar nan ta aiko ɗan'uwansa, Charles Henry Robinson, ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya zauna 'yan watanni, ya koma da takardun ajami masu yawa. Daga baya aka sa shi koyar da Hausa a Kambirij, ya kuma wallafa ƙamus. Saboda haka sa'ad da Vischer ya ke ɗalibi, Hausa tana cikin harsunan da a ke koyarwa a jami'arsu.

Ya kamata mu dubi yadda masu niyyar zuwa ƙasarmu su ke shiri a lokacin, don a nan gindin labarin ya ke. Ba tattara kaya da sayen kwinin kaɗai ba ne. Sun san za su tarad da mutane masu addini da littafi da malamai da alƙalai, waɗanda ba za su saurari wanda ya ke magana ta bakin tafinta ba. Don haka abin da su ke fara nema shi ne harshe. Da ya ke hanyar shiga ƙasar Hausa ba ta buɗe musu ba, sai waɗansunsu suka tafi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda fataken Kano da alhazai masu wucewa da bayin da aka 'yanta su ke da unguwa. A can Likita Walter Miller da abokansa suka zauna suna koyon Hausa daga bakin masu ita. Ban da harshe kuma su kan koyi ɗan aikin magani, da karatun Larabci gwargwado, da jimirin tafiyar ƙasa, da cin abin da aka samu. Iyaye da 'yan'uwa kuwa nasu shirin shi ne haƙuri, gama wasiƙa ta kan yi watanni a hanya, wani lokaci ma labarin mutuwa ya kan riga ta isa.

Cikin shekarar 1900 ƙungiyar farko ta jam'iyyar C.M.S. ta taso daga Ikko, su biyar, Bishop Tugwell ne shugabansu, da Likita Miller a ciki. Suka iso Kano a zamanin Sarki Alu. Sarki bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga birninsa. Suka juya suka sauka a Girku, cikin ƙasar Zazzau, a nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu. Daga bisani suka koma Loko a bakin Binuwai, suna jiran ranar da hanya za ta buɗe. A Loko ɗin nan Vischer ya iske su cikin 1901, yana da shekara ashirin da biyar. A nan ya zauna tare da Likita Miller da G. P. Bargery. Samarin nan uku ba su sami abin da suka fito nema a Loko ba, amma kowannensu ya bar wa harshen Hausa abin tunawa: Miller ya juya Littafin Kirista duka da Hausa, aka buga cikin 1932, Bargery ya tara babban ƙamus ɗin nan da aka buga cikin 1934, Vischer kuwa ya kafa makaranta, ya kuma tsara ƙa'idodin rubutun boko.

Zamansa cikin aikin Mishan bai daɗe ba. Ya koma Turai cikin 1902, ya bar jam'iyyar. Cikin 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila bisa doka, ya shiga aikin mulki na Nijeriya ta Arewa, aka tura shi Barno. A shekarar nan ce Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga kuma ya yi alkawari a Sakkwato cewa Gwamnati ba za ta taɓa addinin mutane ba. Wannan alkawari ya sa aka taƙaita shigar 'yan Mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. Vischer bai bar addininsa ba har ya mutu, amma tun daga ran nan wa'azi ya fita daga cikin aikinsa. Abin da ya rage masa na shirin dā shi ne harshe, da haƙurin zama da mutane, da ganin girman abin da ya tarar a hannunsu.

Cikin 1906, da hutunsa ya ƙare, bai komo ta jirgin ruwa kamar sauran Turawa ba. Ya nemi izini ya biyo tsohuwar hanyar fatake ta hamada, daga Tarabulus zuwa Barno. Ya tashi cikin watan Yuli da ayarin raƙuma, mafi yawan mutanensa alhazai ne masu komowa daga Makka, da 'yantattun bayi masu marmarin ganin gida. Suka bi ta Murzuk a ƙasar Fazzan, wadda ta ke hannun Turkawa a lokacin, suka ratsa ta Bilma mai gishiri, inda Faransawa ba su daɗe da sauka ba, har suka iso Tafkin Cadi wajen ƙarshen shekara. A hanya sun sha ƙishirwa, raƙuma sun mutu, mahara kuma sun fāɗa musu. Ya ga ƙasusuwan bayin dā a zube kusa da rijiyoyi, shaidar abin da hanyar nan ta ci. Ya rubuta labarin tafiyar cikin littafi da Turanci, aka buga cikin 1910. Watanni da ya yi yana ci yana kwana cikin talakawa Musulmi, rai a hannun Allah, sun koya masa abin da jami'a ba ta koyarwa. Wanda ya raba guzurin ruwa da mutum a hamada ba ya komowa ya raina shi.

A wannan lokaci Gwamnati tana cikin tunanin yadda za ta fara makaranta a Arewa. Tana bukatar ma'aikata 'yan ƙasa, gama akawuna duk daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas a ke ɗauko su, ba su san harshen mutane ko al'adunsu ba. Ƙasar kuwa ba ta rasa ilmi ba, don lissafin da Turawa suka yi da kansu wajen 1914 ya nuna makarantun allo sun kai kimanin 25,000. Likita Miller ya gwada buɗe makaranta a Zariya cikin 1907 don malamai da 'ya'yan sarakuna, amma abin bai yi ƙarko ba, domin iyaye sun san shi mai wa'azi ne, suna tsoron a juyar musu da 'ya'ya. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, ya ga cewa in ba a raba makaranta da Mishan ba, ba mai ba da ɗansa. Sai ya zaɓi Vischer cikin 1908. Kafin ya fara, aka aike shi ya dubo yadda a ke yi a Masar, da Kwalejin Gordon ta Hartum a Sudan, da Gwalkwas. Ya komo da ra'ayin cewa makarantar da ta raba yaro da harshensa da tufafinsa da ladabin gidansu ta yi ɓarna fiye da gyara.

Cikin 1909, a zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makaranta a Nassarawa, bayan ganuwa ta gabas da birni, wurin da Sarki ya ke da gida da gandu. Da malamai ya fara, watau manya waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, ya koya musu rubutun boko da lissafi, don su zama masu koyarwa. Wannan dabara ce mai kyau, gama yaro ya fi sakin jiki da malamin da ya saba ganin irinsa a zaure. Bayan haka aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, da makarantar elementare, da ta sana'a inda a ke koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da gini, da kuma ajin masu awon ƙasa, waɗanda suka riƙa auna gonaki don tsara haraji. Da Hausa a ke koyar da kome, ba a fara da Turanci ba. Ana karanta labarin ƙasa da kiwon lafiya da zane, malamai Musulmi kuma suna koyar da Larabci da addini, ana tsai da salla a kan lokacinta. Yara suna sa rigunansu na gida, suna kwana a gidajen ƙasa irin na garinsu, mutanen kowane lardi da nasu sashe. Baitulmalin sarakuna ya ɗauki rabo mai yawa na kuɗin aikin. Cikin 1910 aka naɗa shi shugaban ilmi na Arewa, zuwa 1913 kuwa almajiran Nassarawa sun wuce ɗari biyu, daga larduna dabam dabam.

Kada mu zaci abin ya zo da sauƙi. Mutane sun san mai makarantar nan da rigar Mishan ya fara shigowa ƙasar. Waɗansu sarakuna da hakimai da aka ce su kawo 'ya'yansu sai suka aiko da 'ya'yan bayi da na barori, suka ɓoye nasu. Yaran gari suna yi wa 'yan makaranta waƙar zambo, kalmar boko kanta ma ba ta yabo ba ce a kunnen mutane. Da an kama shi sau ɗaya yana cusa wa yaro addininsa a ɓoye, da makarantar ta watse ran nan, da kuma an daɗe ba a sāke samun mai yarda ba. Ba a kama shi ba, domin bai yi ba. Mutumin da aka yi wa tarbiyya tun yana yaro don ya yi wa'azi, aka danƙa masa 'ya'yan Musulmi a hannu, ya riƙe amanar da aka ba shi. A ganinmu wannan ya fi ƙetare hamada wuya, kuma shi ne babban abin da ya sa sunansa ya yi kyau a Kano.

A kan rubutu kuma, kafin zamaninsa kowane Bature yana rubuta Hausa yadda kunnensa ya jiye masa. Cikin 1912 ya fitar da ƙa'idodin rubuta Hausa da baƙaƙen boko, aka bi su a makarantu da ofisoshi. An yi musu gyara daga baya, musamman bayan 1930 sa'ad da aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, amma tushen nasa ne. A nan ma akwai abin dubawa, gama zaɓen boko da Gwamnati ta yi ya tura ajami gefe cikin sha'anin mulki, malamai da yawa masu ilmi suka wayi gari ana lissafa su cikin marasa karatu.

Cikin 1911 ya auri Isabelle de Tscharner, 'yar ƙasarsu, ta biyo shi Kano cikin 1912, bayan jirgin ƙasa ya iso birnin. Suka zauna a gidan ƙasa da ya gyara a Nassarawa, mai kaurin bango da rufin azara da zanen magina Kanawa. Ita ma ta koyi zama da mutane, ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Arewa, aka buga cikin 1917. Gidan nan shi ne a ke kira Gidan Ɗan Hausa, ya zama wurin ajiye kayan tarihi na Jihar Kano.

Cikin 1914 aka haɗa Arewa da Kudu, Yaƙin Duniya kuma ya tashi. Aka rarraba aikin Nassarawa, malaman da ya horar suka tafi buɗe makarantu a lardunansu, kamar Katsina da Sakkwato da Zariya da Bida da Barno. Shi kuwa ya tafi aikin soja a Turai, bai komo kan aikinsa na Kano ba, ya sauka daga muƙaminsa cikin 1919. Amma irin da ya shuka ya tsira. Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don horon malamai, a cikin masu koyarwa a can har da Malam Bello Kagara, almajirin Nassarawa, wanda ya rubuta Ganɗoki. Daga kwalejin nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito.

Sauran kwanakinsa a Ingila ya yi su, yana aikin ilmin Afirka. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne magatakardan majalisar da ta ke ba Ofishin Ƙasashen Mallaka shawara a kan ilmi. Cikin 1924 ya bi ƙungiyar Phelps-Stokes ta Amurka zagayen makarantun Afirka ta Gabas. Cikin 1926 yana cikin waɗanda suka kafa wata cibiya a Landan don nazarin harsuna da al'adun Afirka, ya zama babban magatakardanta. Ko'ina ra'ayinsa ɗaya ne, a fara koya wa yaro da harshen uwarsa. Sarkin Ingila ya ba shi girman Sir cikin 1941. Ya mutu ran 19 ga watan Fabrairu, 1945, a garin Newport Pagnell, yana da shekara sittin da takwas.

Tsarinsa bai rasa masu suka ba, cikinsu har da tsohon abokinsa Likita Miller, wanda ya ga Gwamnati tana jan ƙafa da gangan. Akwai gaskiya cikin sukar. Makarantun sun yi kaɗan ƙwarai, an fi kula da 'ya'yan masu sarauta, an jinkirta Turanci, 'yan mata kuwa ba a buɗe musu makarantar Gwamnati ba sai wajen 1930. Saboda haka sa'ad da aka zo maganar mulkin kai, Arewa ta tarar Kudu ta yi mata nisa wajen yawan masu ilmin boko, wannan rata kuwa ta jawo wahala mai yawa. Ba shi kaɗai ke da alhakin wannan ba, gama kuɗin da aka ware wa ilmi kaɗan ne, shekarunsa a kan aikin kuma ba su da yawa. Amma wanda ya ke ba da tarihi ba ya auna da mudu biyu, dole a faɗi wannan tare da wancan.

Abin da mu masu shirin shiga aji za mu ɗauka a nan a fili ya ke. Yawancinmu za a tura mu garuruwan da ba namu ba, waɗansu ma inda ba a jin harshenmu, wurin iyayen da ba su tabbata ko makaranta alheri ce ga 'ya'yansu ba. Ɗan Hausa ya yi shekara wajen goma yana koyon harshe da halin mutane kafin ya buɗe aji ko ɗaya, da ya buɗe kuma bai ci amanar iyaye ba. Iyayensa a Basel sun yi shirinsu da wata niyya, Allah kuwa ya nufi abin ya tafi wata hanya, amma ilmi da haƙuri da riƙon alkawari da suka ba shi ba su ɓata ba. Wanda ya ke so a ba shi ɗa ya koyar, sai ya fara zama almajirin garin tukuna. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da za a danƙa mana, amin.